Jamhuriyar Weimar da Nauyin da Aka Ɗora Mata

Ranar 9 ga Nuwamba 1918 ɗan siyasar Jamus Philipp Scheidemann ya leƙo daga ginin majalisa a Berlin ya shelanta wa cincirindon jama'a cewa mulkin sarki ya ƙare. Bayan kwana biyu, Matthias Erzberger, farar hula, ya sa hannu kan tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Farko cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne. Janar-janar ɗin da suka sha kaye suka koma gefe, daga baya suka yi ta yaɗa cewa 'yan siyasa ne suka ci amanar sojoji. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Duk da haka an yi abin a yaba. A Janairun 1919 matan Jamus suka kaɗa ƙuri'a karon farko, daga baya wakilan da aka zaɓa suka taru a garin Weimar saboda Berlin na cikin tarzoma.

Babban kuskuren gwamnatin Friedrich Ebert shi ne barin alƙalai da hafsoshin sarki a kan kujerunsu. An harbe Erzberger a 1921. Hitler kuwa, da ya yi yunƙurin juyin mulki a 1923, hukuncin shekara biyar aka yanke masa, amma kafin ƙarshen 1924 ya fito daga kurkuku.