Kyafaffen Nama Bayan An Yage Leda

Duk wanda ya bi ta Maitumbi da yamma, a kan hanyar nan da ta fita daga Minna ta nufi Gwada da Kuta, zai ga yadda cinikin nama ya sake kama. A da mai kilishi takarda yake yagowa ya ƙunshe wa mutum, a kai gida a cinye a daren. Yanzu kuwa ga kilishi da dambun nama da banda an liƙe cikin leda ko robobi an jera a kantuna, waɗansu har da lambar Hukumar NAFDAC da ranar da za su lalace. Magidanci ya kan sayi babban ƙunshi, a ɗan taɓa yau, a ajiye saura. To, wajen ajiyar sauran nan ne ake yin ɓarna.

Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ranar nan da aka buga a jikin leda alkawari ne da mai sana'a ya ɗauka muddin ledar tana liƙe. Ran da aka yage bakinta, alkawari ya tashi, lissafi ya koma hannun uwargida.

Ba hayaƙi kaɗai ke tsare nama ba, domin shi hayaƙi a bayan nama yake tsayawa. Babban mai tsaron shi ne bushewa, sa'an nan gishiri. Don haka ne mai kilishi yake shanya namansa, ya tsoma shi cikin labu, ya sāke shanyawa, kana ya nuna masa wuta. Amma Minna ba Sakkwato ba ce. Ruwa ya kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, a watan Agusta kuwa ko tufafi ba su bushewa a ɗaki. Busasshen nama yana zuƙar laimar nan kamar soso. Kilishin da jiya yake karyewa ƙaras, yau sai a ga yana lanƙwasa, gobe ko jibi fumfuna ta fito masa.

A nan ne waɗansu su kan kankare wurin, su ɗumama a wuta, su miƙa wa yara. Wannan ganganci ne. Labun kilishi da tunkuza ake yin sa, watau gyaɗa, akwai kuwa wata irin fumfuna mai son gyaɗa wadda ke fitar da dafin da masana ke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗar da ta yi fumfuna. Wutar murhu ba ta kashe dafin nan, kuma ba nan take yake nuna kansa ba. A hankali yake cin hanta. Naman da ya yi fumfuna, ko yauƙi, ko ya sake wari, zubarwa ake yi.

Mai karatu zai ce ai ga firiji. Gaskiya ne, in da wuta. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji ta 1968 da ta Shiroro ta 1990, hanyar Shiroron ma ta Maitumbi ta bi, amma wannan bai hana a ɗauke wuta da dare a wayi gari ba a kawo ba. In aka sa kilishi a firiji cikin buɗaɗɗiyar leda, wuta ta ɗauke, sai ledar ta yi gumi, raɓar ta sauka a kan naman. Ke nan an jiƙa abin da mahauci ya yini yana busarwa. Gara a juye shi cikin busasshiyar kwalba ko roba mai murfi sosai, a ajiye inda iska ke ratsawa nesa da randa. In da yawa ne a rarraba shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na ci ɗaya, a zuba a firiza mai riƙe ƙanƙara. Banda kuwa, dabarar tsofaffi ta rataye ta saman murhu har yanzu ba ta da na biyu, sai dai a kiyaye ɓera. Kada kuma a kuskura a fesa mata maganin ƙwari.

Wani abin kuma shi ne hannu. Kowa ya zo ya zura hannu cikin leda ɗaya, daga mai mura har yaron da ya dawo daga wasa. Akwai ƙwayar cuta mai zama a fatar mutum da cikin hanci, wadda gishiri bai cika damunta ba, dafinta ma ɗumame ba ya karya shi. A riƙa zazzago abin da za a ci a faranti, a mayar da murfi.

Hukuncin da ya fi tsanani yana kan kyafaffen nama mai danshi, irin sosej da yankakken naman nan da ake sayarwa daga firijin manyan kantuna. Wannan ɗanɗanon hayaƙi kawai gare shi, bai bushe ba. Da an buɗe shi, kwana 3 zuwa 5 ne iyakarsa, a firijin da ma'auninsa bai haura digiri 5 ba. A waje kada ya wuce sa'a 2, a zafin Minna na watan Maris ma sa'a 1. In wuta ta ɗauke fiye da sa'a 4 ya huce, ya tashi daga abin ajiya. Tsakanin 2017 da 2018 cutar listeriya ta kama mutane fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu, fiye da 200 suka mutu, aka bi sawu aka tarar daga irin wannan naman ne. Ƙwayar cutar tana hayayyafa har cikin sanyin firiji, kuma mata masu juna biyu da jarirai da tsofaffi ta fi yi wa illa. Lalle ne a dafa musu shi har ya yi tururi kafin su ci.

Su kuma masu sana'ar, da za su yawaita ƙananan ƙunshi na ci ɗaya, su kuma rubuta a jikin leda da Hausa kwana nawa naman zai yi bayan an buɗe, da sun rage wa matan gida aiki. Kafin su yi haka, uwargida ta samo alƙalami ta rubuta ranar da ta buɗe a kan murfin robar.