Ɗan kakakin duwatsun Abzin

A nan Adar, da zarar hatsi ya fara ido, babu tsuntsun da ke shan zagi kamar janbaki. Daga Keita har Abalak, yara na kwana da majajjawa a hannu, manya na kaɗa gwangwani, kuma duk ƙaramin tsuntsun da aka gani da jan baki an yanke masa hukunci tun kafin a saurare shi. Ba za mu ga laifin manomi ba, domin janbaki na sauka dubu-dubu, ya ƙare gona a wuni guda. Amma yau muna so mu kawo muku labarin wani mai jan baki dabam, wanda bai taɓa cin zangarniyar kowa a Adar ba, domin gidansa yana can arewa da mu, cikin duwatsun Abzin.

Fatakenmu da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas, tafiyar wajen kilomita 400, da ma'aikatan da aka taɓa turawa aiki Timia ko Iferwan, da yawansu sun ji muryarsa ba su ga mai ita ba. Kuka ne siriri, mai fitowa ta hanci, mai jan tsawo, kamar yaro ya samu ƙaramar algaita yana gwadawa. Da Faransanci ana ce masa roselin githagine, masana kuma sun rubuta shi Bucanetes githagineus tun bayan da wani Bajamushe, Lichtenstein, ya fara bayyana shi a 1823. Mu a wannan fili bari mu kira shi ɗan kakaki.

Tsawonsa bai wuce santimita 13 ba, nauyinsa wajen giram 20. Kansa babba ne, bakinsa gajere mai kauri, irin na mai fasa tsaba. Jikinsa kalar ƙasa da toka, har in ya lafe cikin tsakuwa sai ka kusa taka shi kafin ka gan shi. Lokacin aure ne namijin ke yin ado: baki ya yi jawur, ƙirji da gindin wutsiya su ɗauki wani ja-ja mai laushi. Macen ba ruwanta da wannan kwalliya. Ita ce ke kwanci cikin tsagar dutse ko ƙarƙashin wani ɗan kurmi, bisa ƙwai 4 zuwa 6 masu launin shuɗi-shuɗi, wajen mako biyu kafin su ƙyanƙyashe. Ba ya son bisa itace. A ƙasa yake kiwo, yana tsintar ƴaƴan ciyawa da ɗanyun tsiro tsakanin duwatsu.

Ana samunsa tun daga tsibiran Kanari, ya ratsa Maroko, Aljeriya da Masar, har Iran da Pakistan. Wajen 1970 ma ya ƙetare teku ya fara sheƙa a busasshiyar ƙasar Almeriya, kudancin Sifen. A ƙasarmu kuwa Abzin ne mazauninsa, inda dutsen Bagzan ya kai tsayin mita 2022. Tsuntsayen wannan yanki sun fara shiga littattafan Turai sosai bayan tafiyar Angus Buchanan, wanda ya taso daga Kano a 1920, ya bi ta Damagaram zuwa Agadas yana tara su. Buzayen wurin, ba sai an faɗa ba, sun riga shi saninsu da ƙarnuka.

To, ga inda zancen yake. Duk da zamansa cikin hamada, ɗan kakaki ba ya haƙuri da ƙishirwa yadda mutum zai zata. Abincinsa busasshiyar tsaba ce, saboda haka tilas ya nemi ruwa a kai a kai, musamman da bazara. Yakan yi tafiya mai nisa zuwa kwarmin dutse da ke riƙe ruwan damina, ko bakin rijiyar garka, ko inda raƙuma suka sha suka bar laima. Na taɓa zama da hantsi kusa da ruwan da ke zubowa daga dutse a Timia, na ga sun sauko su kamar ashirin, kowane ya tsoma baki sau uku ko huɗu, suka tashi gaba ɗaya da wannan kukan nasu. Direban da ya kai ni, wani dattijo mutumin Tawa, ya ce shi tun yana yaron mota ya san in ka ji wannan algaita da safe, to ruwa ba shi da nisa.

Wannan ruwan kuwa yau masu nemansa sun yi yawa. Garake sun ƙaru a kwarurrukan Abzin, injin ban ruwa ya maye gurbin raƙumin da ke jan wasaki, albasa da dankalin Turawa na fita mota-mota zuwa kudu, kuma fatakenmu na cikin masu cin ribar. Tun 2014 ga haƙar zinariya ta zo da nata jama'a, a wasu wuraren wanke ta har da magunguna masu guba. Babu mai cewa a bar noma ko a bar nema. Amma kwarmin da ya ƙafe ko ya gurɓace, makiyayi yana iya kora dabbobinsa gaba, tsuntsu mai ƴaƴa cikin sheƙa ba ya iyawa.

A lissafin masu kula da halittu na duniya, ɗan kakaki ba ya cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasashen da yake zaune. Wannan lissafin duniya ne. Namu na gida shi ne cewa gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari. Ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, ƙasar da aka ba su tsaro ta fi murabba'in kilomita 77,000.

Wanda tafiya ta kai shi can, ya bar sabulu da baƙin man mota nesa da bakin kwarmi, ya samu inuwa ya zauna shiru tsakanin fitowar rana da hantsi. Ba zai daɗe ba zai ji su tafe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.