Waƙa ba Yadi ba ce: Raddi ga Masu Tsine wa Faifan 90125

Akwai wata magana da masu sharhin fasaha suka ɗauka tamkar karatun allo, kowa ya haddace ta amma ba mai tsayawa ya tambayi ma'anarta. Ita ce wai duk mai fasahar da jama'a suka rungumi aikinsa, to, ya sayar da kansa ke nan. Kwanan baya wani abokin aikina, malamin adabin Ingilishi, ya maimaita mini ita a kan ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila mai suna Yes da faifanta 90125 na shekarar 1983. Cewa ya yi ranar da faifan ya fito, ranar aka yi jana'izar ƙungiyar, abin da ya biyo baya fatalwa ce mai neman kuɗi. Ban yarda ba a lokacin, yanzu kuwa da na sake sauraren faifan tun daga farko har ƙarshe, rashin yardar tawa ƙaruwa ta yi.

Sai mun ɗan waiwaya baya kafin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙa. An kafa Yes a Landan a 1968, ta kuma yi fice a wani reshe na kiɗan rok wanda masu shi suka yi wa laƙabi da "mai ci-gaba". Siffarsa ita ce doguwar waƙa mai rassa, da sauya kari a tsakiyar tafiya, da aron zubi daga kiɗan gargajiyar Turai, ga kuma baitoci masu duhun ma'ana. Waƙar "Close to the Edge" ta 1972 ta kusa minti 19. A 1973 suka fitar da Tales from Topographic Oceans, tagwayen faifai masu waƙa huɗu rak, kowace ta cinye fuska guda. Bayan faifan Drama na 1980 ƙungiyar ta watse a 1981. Chris Squire mai kaɗa jita mai kaurin murya da Alan White mai ganguna suka haɗu da wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, Trevor Rabin, da Tony Kaye wanda da shi aka kafa Yes tun farko, suka raɗa wa sabuwar tafiyarsu suna Cinema. Aiki ya yi nisa kafin Jon Anderson, mawaƙin Yes na asali, ya saurara ya kuma yarda ya sa muryarsa. Nan ne aka koma wa tsohon suna. Faifan ya fito a watan Nuwamba 1983, aka sa masa lambar rajistarsa ta kamfani a matsayin suna. Waƙarsa "Owner of a Lonely Heart" ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a Janairun 1984, abin da ƙungiyar ba ta taɓa samu a Amurka ba, ba ta kuma sake samu ba. An sayar da kwafi fiye da miliyan 3 a ƙasar kaɗai.

To, mene ne laifin? Idan aka matsa wa masu sukar, hujjarsu ta farko ita ce waƙoƙin sun gajarce, an yanka su daidai bukatar gidajen rediyo. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya yanka wa tsofaffin waƙoƙin tsawonsu? Fuskar faifan garmaho ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai, saboda haka waƙoƙin nan huɗu na 1973 da ake yi wa kallon wahayi, kowace a kusa da minti ashirin ta tsaya. Ashe roba ce ta gindaya musu iyaka, kamar yadda rediyo ya gindaya wa na baya. Hasali ma Rick Wakeman, gwanin fiyanonsu na lokacin, bai ɓoye ƙin jininsa ga wancan aiki ba, don a ganinsa ciko ya yi masa yawa. Har ta kai ya ci abinci a kan dandamali a Mancesta ana tsakiyar wasa, daga bisani ya fice a 1974. Idan mutumin da ke cikin ɗaki ya ce da hayaƙi, ba na waje ne zai ce turare ne ba. Mu da muke koyar da waƙa mun san cewa cika baiti hamsin ya fi sauƙi a kan matse ma'ana cikin biyar.

Hujja ta biyu ita ce ta kasuwa, wai a da fasaha suke yi, yanzu ciniki. Wannan ma ba ta da ƙafafu. Waƙar "Roundabout" ta faifan Fragile na 1971 ta haura minti takwas, amma aka datse ta zuwa uku da rabi don rediyo, ta kai ta 13 a Amurka a 1972, kuma da ita suka buɗe ƙofar ƙasar. A 1976 sun yi wasa gaban mutum fiye da dubu ɗari a Filadelfiya. Shi kansa Tales sai da ya zo na ɗaya a Ingila. Ina zuhudun yake a nan? Yes ba ta taɓa fita daga kasuwa ba, rumfa kawai ta sauya. Duk wanda ya bi muhawarar da aka tafka a jaridunmu cikin shekarun 1990 a kan littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano ya san wannan dabara: da zarar an liƙa wa aiki kalmar kasuwa, an hutar da kai wahalar karanta shi.

Shi ya sa nake cewa a ajiye laƙabi a saurari faifan. Waƙar "Changes" da wani kari mai bugu goma sha bakwai take buɗewa, bakwai sannan goma, irin wanda ko ƙafa ba ta iya bi sai an ƙirga, amma cikin ɗan lokaci ta zame ta faɗa kari mai sauƙi ba tare da an ga ɗinkin ba. "Leave It" kuwa gini ne na muryoyi hawa-hawa, har an fitar da ita babu kayan kiɗa ko ɗaya ta tsaya da ƙafarta. Ba mamaki, don Squire a ƙungiyar mawaƙan coci ya tashi yana yaro, kuma haɗin muryarsa da ta Anderson shi ne tambarin Yes tun ranar farko. "Cinema", wadda ba ta wuce minti biyu da kaɗan ba kuma babu baiti a cikinta, ita ta ciyo musu kyautar Grammy a 1985. Ita ma "Owner of a Lonely Heart" da ake yi wa kallon alawar yara, cike take da abin da kunne bai saba ji ba a lokacin. Trevor Horn, wanda ya tsara sautin faifan, ya yi amfani da na'urar Fairlight wadda ke yanko guntun sauti ta adana, ya riƙa jefa fashewar kakaki da gutsuren ganguna a inda ba a zata ba, sa'annan a yi tsit, jita ta shigo a karkace. Daga cikin ma'aikatan da suka yi wannan aiki ne ƙungiyar Art of Noise ta tsiro, salon kuwa ya bazu cikin kiɗan shekarun 1980. Idan ci-gaba na nufin taka inda ba a taka ba, to a 1983 nan yake. Abin dariya shi ne mutanen da suka kira kansu masu ci-gaba su ne suka fi kowa fushi da aka motsa daga inda aka bar su a 1972.

Ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba, akwai inda abokin nawa yake da gaskiya. Sunan Yes da aka maƙala wa faifan lissafin ciniki ne, shi kansa Rabin bai so ba da farko, domin shi sabuwar ƙungiya ya zo kafawa, ba gadon wani ya zo ci ba. Wanda ya sayi faifan yana sa ran jin jitar Steve Howe da ganin zanen Roger Dean a bango, ya tarar da tambarin da aka zana da kwamfuta, yana da ikon jin an yi masa sauyin amarya. Baitocin wasu waƙoƙin ma ba su da nauyi, "City of Love" dai ko an cire ta ba zan yi kewa ba. Bugu da ƙari, da suka nemi maimaita sa'ar a Big Generator na 1987, abin bai yi armashi ba, dabarar ta zama sabo. Sai dai duk wannan suka ce ga suna da kuma abin da ya biyo baya. Ba ta taɓa waƙoƙi taran da ke cikin 90125 a matsayinsu na aiki ba, kuma su ne aka ce an yi wa jana'iza.

Mu kuma tuna halin da ake ciki. A 1981 babu Yes, kowa ya kama gabansa. Howe da ake kuka da rashinsa ya riga ya tafi ya kafa Asia tare da Geoff Downes, faifansu na 1982 kuwa ya fi 90125 kusanci da rediyo nesa ba kusa ba. Zaɓin bai kasance tsakanin 90125 da wani sabon "Close to the Edge" ba, tsakaninsa ne da shiru. Dubban matasan da suka fara jin sunan ƙungiyar ta wannan faifai su ne suka koma suka tono tsofaffin, suka cika filayen wasa aka kaɗa musu dogayen waƙoƙin.

A watan Afrilun 2017, kusan shekara biyu bayan rasuwar Squire, aka shigar da Yes zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Waƙa biyu suka yi a daren, "Roundabout" da "Owner of a Lonely Heart". A ta biyun, wanda ya rataya jita mai kaurin murya ya riƙe gindin kiɗan shi ne Steve Howe.