Ladabin cin sushi: baƙo ba ya raina akushin mai gida

Duk lokacin da aka ambaci abincin mutanen Japan a wata fada ko majalisa ta ƙasar nan, magana ɗaya ake ji: "Ai su ɗanyen kifi suke ci!" Sai a bushe da dariya, wani ma ya tofar da yawu, a wuce. A ɗaya gefen kuma akwai ƴan tsiraru da suka ɗan zaga duniya, waɗanda suka mai da cin wannan abinci mai suna sushi alamar wayewa, suna fama da tsinkaye biyu a hannu don a gan su. A ganinmu duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma asalin kuskuren ɗaya ne, wato rashin sani, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

Wani zai ce, mene ne ruwanmu da sushi alhali damuwar talaka ita ce farashin tiyar hatsi? Tambayar tana kan hanya, amma Japan ba ta yi mana nisan da muke zato ba. Shekaru da dama shinkafar tallafi ta Japan ta sha shigowa kasuwanninmu. Tun 1993 ƙasar take shirya taron TICAD tare da ƙasashen Afirka, karo na tara kuwa an yi shi a birnin Yokohama a 2025. Ɗalibanmu, da ma'aikatan da ake turawa horo, da ƴan kasuwa, suna zuwa can, kuma duk wanda ya je sai an zaunar da shi gaban wannan abinci, domin da shi ake karrama baƙo. A wannan zama ne ake auna mutum tun kafin a buɗe takardun yarjejeniya, kuma ba kansa kaɗai yake wakilta ba.

Abu na farko da ya kamata mu gyara shi ne ma'anar sunan. Sushi ba ya nufin ɗanyen kifi. Ginshiƙinsa shinkafa ce dafaffiya da aka gauraya da ruwan tsami da ɗan gishiri da sukari. Yankan ɗanyen kifi da ake ci ba tare da shinkafa ba sunansa daban, sashimi ake ce masa. Asalin sushi kuwa dabara ce ta talakawa masu tsoron kada kifi ya lalace, irin tsoron da ya sa masuntan tabkin Cadi suke yin banda, mahautanmu kuma suke yin kilishi. A yankunan noman shinkafa na kudu maso gabashin Asiya aka fara cusa kifi mai gishiri cikin dafaffiyar shinkafa, a danne shi watanni har ya yi tsami, sa'annan a zubar da shinkafar a ci kifin. Wannan shi ne narezushi, kuma tun ƙarni na 8 dokokin Japan suka ambace shi cikin kayan da ake biyan haraji da su. Har gobe ana yin irinsa a gaɓar tabkin Biwa, ana kiransa funazushi, mai ƙarfin wari. Mu da muke jefa daddawa cikin miya muna lashe hannu, ba mu da bakin yi wa wannan dariya.

Sannu a hankali aka daina jiran watanni, aka koma zuba ruwan tsami cikin shinkafa don a ci nan take. A shekarun 1820, a birnin Edo wanda ya zama Tokyo a yau, wani mai sayar da abinci, Hanaya Yohei, ya shahara da dunƙula shinkafa a tafin hannu ya ɗora yankan kifi a kai. Abincin leburori ne da masu sauri, ana sayar da shi a bakin titi, a ci a tsaye, kamar yadda ake tsayawa gaban mai tsire. Da yake babu na'urar sanyi a lokacin, yawancin kifin sai an jiƙa shi cikin ruwan tsami ko romon waken soya, ko kuma an dafa shi. Ke nan mai yin burga da sushi ya sani cewa da abincin bakin titi yake burga.

Ire-irensa suna da yawa, kuma sanin sunayensu shi ne rabin kuɓuta daga jin kunya. Nigiri shi ne dunƙulen shinkafa da yanka a kai. Maki shi ne wanda ake naɗewa cikin busasshen ganyen teku mai suna nori, a yanka gunduwa-gunduwa; akwai siriri, akwai mai kauri da ake kira futomaki. Temaki ana naɗe shi da hannu kamar ƙunshin gyaɗa, a miƙa maka. Gunkan kamar ɗan ƙaramin kwalekwale ne na nori da ake cika shi da ƙwan kifi. Chirashi kwano ne na shinkafa da aka barbaza kayan haɗi a samansa. Mutanen Osaka suna da oshizushi da ake dannewa cikin akwatin katako, mutanen Nara kuma suna naɗe nasu cikin ganyen itace. Wanda ransa bai kwanta da ɗanye ba, ba zai kwana da yunwa ba: tamago wainar ƙwai ce mai ɗan zaƙi, ebi jatan lande ne da galibi ake dafawa, kappa maki kokwamba ce kawai a ciki, inari kuwa shinkafa ce cikin aljihun soyayyen awara. Akwai ma tako, wata halittar teku mai hannuwa takwas da ake tafasawa, wadda kaso mai yawa na abin da Japan ke saye daga waje yana fitowa ne daga tekun Muritaniya da Maroko. Wato gumin masuncin Nuwadibu yana cikin farantin mutumin Tokyo.

Yanzu sai batun ladabi, inda nan ne muke son mai karatu ya tsaya da kyau. Ƙa'idojin ba an ƙirƙiro su ne don a wahalar da baƙo ba, kowace tana da dalilinta, kuma da yawa cikinsu mun san su tun a tsakar gidajenmu. Da ka zauna za a miƙo maka jiƙaƙƙen tawul, na goge hannu ne, kamar ruwan wanke hannu da ake kawowa kafin tuwo. Kafin a fara ci suna cewa "itadakimasu", kalmar godiya ga abincin da wanda ya sha wahalarsa, in an gama kuma a ce "gochisosama". Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, cin nigiri da yatsu daidai ne, har a manyan gidajen abinci. Saboda haka babu dalilin da zai sa dattijo ya yi ta kokawa da tsinkaye har abinci ya faɗi a rigarsa. Sashimi ne ake ɗauka da tsinkaye.

In za a tsoma a romon waken soya, gefen kifin ake tsomawa kaɗan, ba shinkafar ba, domin shinkafa in ta sha romo wargajewa take yi, gishiri kuma ya danne ɗanɗanon. Loma ɗaya ake yi, ba a gutsura a mayar. Da an ajiye maka ka ci, kada ka bar shi yana jiran ka gama hira, domin mai yin ya auna ɗumin shinkafar. Koren yajin nan mai hawa hanci, wasabi, galibi an riga an shafa daidai gwargwado a ciki, don haka dama shi cikin romo a gaban gwani kamar ƙara wa miyar uwargida gishiri ne tun ba ka ɗanɗana ba. Siririyar cittar da ake ajiyewa a gefe, gari, ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi. Cinye kifi a bar shinkafa kuwa abin kunya ne a wurinsu, kamar yadda iyayenmu suke hana mu wulaƙanta hatsi.

Akwai abubuwa biyu da suka fi sauran nauyi, domin sun shafi mutuwa. Ba a soka tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, saboda haka ake ajiye wa mamaci. Ba a kuma miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke, saboda haka dangi suke ɗaukar ƙasusuwan mamacinsu bayan an ƙona gawa bisa al'adarsu. Wanda ya yi wannan a kan teburi ya taɓa wa mai gida wurin da ke masa ciwo. Sai wasu biyu da suka shafe mu musamman. Mu mutane ne masu son turare, ba ma fita taro sai mun fesa, amma a ƙaramin gidan sushi ƙamshi mai ƙarfi yana ɓata wa na kusa ɗanɗano. Mu kuma masu son yin kyauta ne, amma a Japan ba a barin tukuici a gidan abinci, ma'aikaci zai iya biyo ka da kuɗinka yana zaton mantuwa ka yi.

Koyon ladabin mai gida ba ya nufin mutum ya ajiye addininsa ko lafiyarsa a bakin ƙofa. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, abin da ke cikin teku halal ne, saboda haka matsalar ba a kifin take ba. Tana cikin kayan haɗi: mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, yana ɗauke da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma ana zuba shi, wani lokaci tare da giyar shinkafa, cikin romon da ake shafa wa gasasshen kifi da wasu haɗe-haɗe. Matambayi ba ya ɓata. Faɗa wa mai masauki tun da wuri abin da ba ka ci, shi ma ladabi ne, kuma ya fi ka zauna kana yamutsa fuska.

Game da lafiya kuwa, muna jan kunnen matasa masu kwaikwayon abin da suke gani a waya. Ɗanyen kifin teku yana iya ɗaukar tsutsar anisakis mai haddasa matsanancin ciwon ciki, kuma ruwan tsami ko wasabi ba sa kashe ta. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce a daskarar da irin wannan kifi a sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri na aƙalla awa 24 kafin a ci shi ɗanye. Kifin ruwan daɗi, irin na kogi da tabki da gulbi, ya fi haɗari, su kansu Japanawa ba kasafai suke cin sa ɗanye ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, tarwaɗa da karfasa wurinsu tukunya ne ko wuta. Mai sha'awa ya yi nasa da ƙwai, ko kokwamba, ko dafaffen kifi, sunansa sushi dai.

Kada kuma a ɗauka cewa abincin nan a daskare yake ba ya sauyawa. A 1958 Yoshiaki Shiraishi ya buɗe gidan farko a yankin Osaka inda faranti ke zagayawa a kan bel, abin da ya sauko da farashi har iyali suka iya zuwa da yara. A can ƙa'idar ita ce farantin da ka taɓa ba ka mayar da shi. Kifin salmon da ya cika faranti a yau, mutanen Norwe ne suka yi ta tallarsa a Japan tun tsakiyar shekarun 1980 kafin a karɓe shi. Kitsen cikin kifin tuna da mutanen Edo suke rainawa ya zama mafi tsada, har a gwanjon sabuwar shekara ta 2019 a kasuwar Toyosu aka sayi tuna ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333 da dubu 600. Abin da bai sauya ba shi ne girmama abincin da mai yin sa, kuma wannan yana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya al'adar cin abincin Japan cikin gadon duniya a 2013.

Mu kan ji zafi in baƙo ya sa hannun hagu cikin kwanonmu, ko ya kutsa gaban wani a akushi, ko ya toshe hanci don an kawo miyar kuka. Mu kan kuma ji daɗi har cikin rai in ya wanke hannu ya yi loma yadda muke yi. To, abin da muke so a yi mana shi ne ya wajaba mu yi wa wasu. Muna kira ga ma'aikatun da ke tura mutane waje, da makarantun koyar da aikin otel, da su riƙa keɓe ko da awa ɗaya don koyar da irin waɗannan abubuwa kafin tafiya, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Ba mu ce dole kowa ya so sushi ba. Wanda ya ɗanɗana ya ga bai yi masa ba, ya yi godiya ya nemi wainar ƙwai, ya fita haƙƙin mai gida, ya kuma tsare mutuncin ƙasarsa. Allah ya sa mu dace.