Ɗan wa ne? Matar wa ce?



Akwai tambaya biyu da ƴan siyasa ke jefa mana duk lokacin da zaɓe ya matso. In ɗan takara namiji ne, sai su ce: ɗan wa ne, daga ina kakansa ya fito? In mace ce, sai su ce: matar wa ce, wa ya ba ta izinin fitowa? Ni ina ganin tambayoyin nan biyu tarko ne. Kuma ba ɗan takara aka ɗana wa shi ba. Mu masu jefa ƙuri'a aka ɗana wa.

Mu fara da abin da ya faru a idonmu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020, jam'iyyar PNDS-Tarayya ta tsai da Mohamed Bazoum. Balarabe ne, daga dangin da ake kira Awlad Sulaiman. An haife shi a 1960 a Bilabrin, cikin ƙasar Ngigmi, jihar Difa. Ya tashi a Tasker. Ya yi karatu a Damagaram, ya ƙaro ilimi a Dakar, ya dawo ya koyar da yara a Tawa da Maraɗi. Mutanen Tasker sun zaɓe shi ɗan majalisa ba sau ɗaya ba. Ya riƙe ministan harkokin waje, ya riƙe ministan cikin gida. Shekara kusan talatin yana cikin sha'anin ƙasa. Ran da ya nemi babbar kujera, ran nan aka tuna fatarsa fara ce. Aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, wai ɗan Libiya ne. Waɗansu ƴan takara suka kai ƙara kotun tsarin mulki a kan takardunsa na ɗan ƙasa. Kotu ta kori ƙarar. Amma magana zarar bunu ce. Ta riga ta fita, ta shiga kasuwa, ta shiga tasha, ta shiga wayar hannu ta kowa.

Kada wani ya ce na zo wanke Bazoum ne. Ban zo ba. Akwai abubuwan tambayarsa da yawa, masu nauyi. A watan Disamba na 2019 an kashe sojojinmu 71 a Inates. Wata guda bayan haka aka kashe 89 a Shinagodar. A 2020 aka binciki kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro, rahoton farko ya ce ƙasa ta yi asarar miliyar 76 na sefa. Ba shi ne ministan tsaro ba, amma gwamnatinsu ce, jam'iyyarsu ce. A 2018, yana ministan cikin gida, an kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula saboda zanga-zanga a kan dokar haraji. Ga tambayoyi nan tuli guda. Mai son kayar da shi, ga makami a hannunsa, na halal. Sai aka ajiye wannan, aka ɗauki zancen launin fata. Wanda ya sa ka kallon fatar mutum, ya ɗauke idonka daga hannunsa ke nan. To, da fata ake cin dukiyar ƙasa ko da hannu?

An yi zagaye na biyu ran 21 ga Fabrairu 2021. Bazoum ya sami kashi 55 da ɗoriya cikin ɗari, Mahamane Ousmane ya sami sauran. Jihar Tawa, wadda Hausawa suka fi yawa a cikinta, ta ba Balaraben nan ƙuri'a mai yawa. Da aka faɗi sakamako sai rikici ya tashi a Yamai. Aka ƙona gidaje da shaguna. Hukuma ta ce mutum biyu sun mutu, an kama fiye da 400. Ku duba cikin waɗanda suka mutu, ko akwai ɗan wani ɗan takara. A watan Yuli na 2023 sojoji suka kifar da Bazoum, suka tsare shi, a 2025 kuma aka rushe jam'iyyu duka. Jam'iyyu sun tafi. Halin nan bai tafi ba, yana nan kwance a bakunan mutane, yana jiran ran da za a sake fito da akwatin zaɓe.

Yanzu mu zauna mu yi lissafin asali, tun da asali ake so. Dangin Awlad Sulaiman sun sauko daga Fezzan zuwa gefen tafkin Cadi tun cikin ƙarni na 19. A lokacin babu ƙasa mai suna Nijar. Babu iyaka tsakanin Ƙonni da Sakkwato. Faransa da Ingila ne suka zauna can ƙasarsu suka ja layi a takarda, a 1898 da 1904 da 1906, suka raba wa da ƙane. Mu nan Bazaga mun fi kowa sanin haka. Wane gida ne ba shi da gwaggo ko kawu a hayin Najeriya? Wa bai taɓa cin kasuwar Illela ta can ba, ya dawo ya kwana gida? Sarautar Adar da ke Illela tamu, daga Agabba ta samo tushe, shi kuwa ɗan sarkin Agadas ne, ya zo fiye da shekara 300 da suka wuce. Gobirawa sun ce daga Abzin suka taso. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, Bafillace ne, kakanninsa daga Futa Toro suka zo. Ko labarin da kakanni ke bayarwa na asalin Hausa bakwai, me ya ce? Baƙo ne ya zo daga gabas, ya iske mace tana sarautar Daura. Baƙo da mace! Su biyun da ake cewa yau ba su cancanci mulki ba, su ne a bakin ƙofar tarihinmu.

Sai zancen takarda, wanda ya fi ci mini rai. Mutum nawa a ƙauyukanmu aka rubuta haihuwarsu ran da aka haife su? Yawancinmu sai da muka girma aka kai mu gaban alƙali da shaidu, aka ƙiyasta shekara, aka ba mu takarda. Shi ya sa in ka duba katin mutane da yawa sai ka ga duk ran 1 ga Janairu aka haife su, kamar awaki a garke ɗaya. Wani sunan ubansa an rubuta shi iri biyu a takardu biyu, don magatakarda bai ji da kyau ba. In kuskuren takarda ya isa a ce mutum ba ɗan ƙasa ba ne, to rabin Bazaga baƙi ne a gonakin kakanninsu. Wuƙar da ka taya wani wasawa don ya yanka ɗan takara, gobe ita za a ɗora a wuyan ɗanka in ya je neman aikin soja ko jarrabawa.

Kada ku ce tsoratarwa ce. A watan Oktoba na 2006 gwamnati ta ba da sanarwar za ta kori Larabawa Mahamid daga jihar Difa zuwa Cadi. Sai da aka yi ta kuka ciki da waje, bayan ƴan kwanaki ta janye. Ƴan ciranin Adar da suka zauna Abijan kuwa ba sai an ba su labari ba. A Kodebuwa an hana Alassane Ouattara takara a 2000, wai asalinsa Burkina ne. Da farko zancen mutum ɗaya ne. Daga baya duk mai suna irin na arewa, duk mai doguwar riga, sai a tsai da shi a hanya a ce ya fito da takarda. Yaƙi ya tashi a 2002. Rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 kaɗai ya ci rai wajen 3,000. Mai tebur da mai sai da albasa suka biya bashin da ba su ci ba.

Kuma wannan makami ba na ƴan adawa kaɗai ba ne. Masu mulki ma in sun ji tsoro, shi suke ɗauka. A 1980 gwamnatin Shagari ta kama Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Barno, ta kai shi Cadi ta ajiye, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce a maido shi. A 2019 jam'iyyar APC ta gaya wa kotu wai Atiku Abubakar, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, ɗan Kamaru ne aka haife shi.

Wani zai ce ai wasa ne, mun saba. A'a. Wasan Bafillace da Babarbare, ko na Bafillace da Ba'are, ko na Bazabarme da Ba'abzine, yana da doka. Ana yin sa ido da ido, a yi dariya, a ci tuwo akushi ɗaya. Wanda ake yi a lasifika gaban dubban mutane don a hana mutum haƙƙinsa, ba shi da dangantaka da wasa.

To, mu juya ga mata. Nan abin ya fi muni, don ita mace ba a ma bari ta kai bakin fili. Tsarin mulkin 2010 ya faɗa ƙarara cewa ɗan Nijar, namiji ko mace, in ya kai shekara 35, yana iya neman shugabancin ƙasa. A 2011 Mariama Bayard Gamatié ta fito. Ita ce mace ta farko da ta yi haka a Nijar, kuma ta taɓa riƙe minista. Ba ta sami ko ƙuri'a ɗaya cikin ɗari ba. A 2020 ƴan takara 30 suka tsaya. Mace ko ɗaya babu.

Ba rashin masu iyawa ba ne. Ku saurari abin da ake faɗi in mace ta nemi ko kujerar kansila ce a ƙauye. Ba a tambayar me za ta yi game da rijiya ko asibiti. Sai a ce mijinta ba ya iya da ita. In ba ta da miji a ce karuwa ce. In ta yi magana da ƙarfi a ce ba ta da kunya, in ta yi a hankali a ce ba za ta iya da maza ba. Namiji ya yi aure ya saki sau biyar, ba mai kawo zancen a dandali. Zagin namiji a siyasa yakan tsaya a kansa. Zagin mace sai ya bi ta har ɗaki, ya taɓa ubanta, ya taɓa auren ɗiyarta. Shi ya sa masu hankali da yawa suke cewa a kai kasuwa. Masu zagin sun san haka sarai, don haka suke yi.

Alhali ga Lugu nan yamma da mu, cikin ƙasar Arewa. A 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta taho tana ƙone garuruwa, Sarauniya Mangu ce ta tare ta da yaƙi. Rundunar nan ce ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta shirya jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, malaman zamaninta kuwa girmama ta suka yi. A 2009, da shugaba Tandja ya nemi tazarce, kotun tsarin mulki ta ce masa doka ba ta yarda ba. Wa ke shugabancin kotun? Mace ce, Salifou Fatimata Bazeye. Maza da yawa masu manyan riguna sun yi shiru a lokacin. Ita ba ta yi ba, har aka rushe kotun. Ran 13 ga Mayu 1991 kuma, da aka sa mace ɗaya tak cikin masu shirya babban taron ƙasa, mata suka yi tattaki a Yamai sai da aka ƙara musu kujeru. Daga nan ranar matan Nijar ta samo asali. Dokar kason mata ta 2000 ta ba su kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, a 2019 aka kai shi 25. Doka ta buɗe ƙofa, bakin mutane ya tsaya a ƙofar da sanda.

Har ƙasashen da ke koya wa duniya zaɓe ba su tsira ba. A Amurka an matsa wa Barack Obama da cewa ba can aka haife shi ba, sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011, yana kan mulki. A 2024 Kamala Harris ta sha duka biyu a haɗe. Ubanta ɗan Jamaika ne, uwarta ƴar Indiya. Abokin takararta Donald Trump ya tsaya gaban ƴan jarida yana shakkar ko baƙar fata ce da gaske. Aka kuma yi ta yaɗa zancen batsa, wai ta hanyar maza ta hau matsayi, matar da aka zaɓa babbar lauyar jihar Kalifoniya, aka zaɓe ta sanata, aka zaɓe ta mataimakiyar shugaban ƙasa. Mai kuɗi da talaka, cutar ɗaya ce.

Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci, yanzu muna iya karanta suna a takardar zaɓe da kanmu, ba sai an nuna mana hoto ba. Saboda haka in mai yawon neman ƙuri'a ya sake zuwa gindin bishiyar garinmu ya fara zancen ɗan wa ne ko matar wa ce, a bar shi ya gama. Sa'an nan dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi nawa buhun taki zai kai bana. Wata uwa ta tambaye shi yaushe za a kawo ungozoma asibitin gari. A tambaye shi wa zai tsare hanyar da ƴan bindiga ke tare mutane a bakin iyaka, kuma da wane kuɗi. A sa yaro mai rubutu ya rubuta amsarsa, da rana da wata, a ba mai gari ya ajiye.