Wa ke yanke wa karuwa hukunci a Maraɗi?

A watan Nuwamba na 2000, lokacin da Alphadi ya shirya bikin nunin tufafi na FIMA kusa da Yamai, fushin masu zanga-zanga a Maraɗi ya sauka kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Waɗanda aka kora ba su taɓa taka dandalin FIMA ba. Wasunsu ma gudun shari'ar Zamfara ya tsallako da su iyaka.

A da, sarauta ta san da zamansu. Magajiya ke shugabantar karuwai, kamar yadda Iya a Maraɗi da Inna a Tibiri ke riƙe da ƴan bori. Ana ƙyamar sana'ar, amma mai yin ta tana da inda za ta kai kuka.

Yau wa'azi ya ƙaru, wannan kariya kuwa ta raunana. Mu tambayi kanmu, jama'a: daga ina waɗannan mata ke fitowa? Da yawansu zawarawa ne, an aurar da su da ƙuruciya, an sake su ba ko sisi. Alhajin da ke ajiye motarsa nesa da ƙofarsu bayan isha'i, a unguwar Zariya ko wata unguwa, ba mu taɓa jin an jefi gidansa ba.