FAGEN KIMIYYA: Ƙarar Da Ta Shekara 16 Tana Jiran Hukunci

Kowane harshe da a ke rubuta wa kwamfuta umurni da shi yakan zo da rumbunsa na kayan aiki, watau tarin umurnai shiryayyu waɗanda mai rubuta manhaja zai ɗauka ya yi aiki da su ba sai ya ƙera nasa ba. Akwai na jera sunaye bisa tsarin abacada, akwai na lissafin kwanan wata, akwai na buɗe fayil da rufe shi. To, da ya ke kowa cikin rumbun nan ya ke ɗiba, in gara ta shige shi ba gida ɗaya za ta yi wa ɓarna ba. Shi ya sa masu kula da harsunan suka bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya ga aibi ya kawo ƙara. Amma fa kawo ƙara daban, samun gyara daban.

Wani aibin ba ya jawo gardama. A cikin rumbun harshen Java akwai umurnin neman abu a jerin da aka riga aka tsara, irin yadda mai neman suna a rajista ya kan buɗe tsakiya, ya ga ko gaba zai yi ko baya, ya sake raba abin da ya rage biyu. Don gano tsakiyar, sai umurnin ya haɗa lambar farko da ta ƙarshe ya raba biyu. Ashe gurbin da a ke ajiye lambar ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, saboda haka in jerin ya haura abubuwa biliyan ɗaya jimlar tana iya tumbatsa, aikin ya rushe. Joshua Bloch, wanda shi ya rubuta umurnin, ya bayyana a 2006 cewa aibin ya yi wajen shekara 9 a kwance kafin ya ɓata wa wani aiki, ya kai ƙara ga kamfanin Sun. Layi ɗaya aka sake, magana ta ƙare, domin babu wanda ya gina aikinsa a kan wannan kuskure.

Na harshen Python kuwa ba haka ya zo da sauƙi ba. A rumbunsa akwai wani sashe mai suna tarfile, wanda aikinsa shi ne ɗaure fayiloli da yawa cikin ƙunshi guda, da kuma kwance ƙunshin in an kawo shi. Kowane fayil a ƙunshin yana ɗauke da sunansa da wurin da za a ajiye shi. A al'adar kwamfuta kuma ɗigo biyu a farkon adireshi yana nufin a fita daga jakar da a ke ciki a koma wadda ke samanta. Saboda haka mugu yana iya shirya ƙunshi ya jera ɗigo-ɗigo a sunan wani fayil, da zarar an kwance sai fayil ɗin ya tsallake inda aka nufa, ya je ya danne wani muhimmin fayil na mai na'urar. Kamar ɗan dako ne da aka ce ya sauke kaya a zaure, shi kuwa ya bi abin da aka rubuta a jikin kowane buhu, har wanda aka rubuta a kai shi turakar maigida.

An kawo ƙarar wannan a watan Agusta na 2007, har aka ba ta lamba a rajistar aibobin tsaro ta duniya, CVE-2007-4559. Da mai kula da sashen ya duba, sai ya yanke cewa tarfile ba ya da laifi, domin yana bin ƙa'idar ƙunshin ne yadda aka shimfiɗa ta. Abin da aka yi shi ne rubuta gargaɗi a littafin bayani, cewa kada a kwance ƙunshin da ba a san asalinsa ba sai an bincika shi. Ma'anar gargaɗin dai ita ce, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Bai kamata a yi saurin kiran wannan hukunci sakaci ba. Akwai masu kula da manyan na'urori da ke ajiye kwafin dukan abin da ke cikin na'ura a irin wannan ƙunshi, suna bukatar kowane fayil ya koma daidai mazauninsa, da izninsa da alaƙarsa da sauran fayiloli. Da an toshe hanyar dare ɗaya, da an yi gyaran gangar Auzinawa, manhajojin da ke tafiya lafiya su tsaya cik. Inda hukuncin ya gaza shi ne zaton cewa mai rubuta manhaja zai buɗe littafi ya karanta gargaɗi kafin ya kira umurnin da layi ɗaya ne tak. Galibinsu ba su karanta ba, ko kuwa sun karanta sun wuce.

Haka abin ya zauna shekara 15. A watan Satumba na 2022 masu bincike na kamfanin tsaro na Trellix suka sake cin karo da shi, da farko ma sun ɗauka sabon abu suka gano. Da suka auna, sai suka ƙiyasta cewa manhajoji na kowa-da-kowa fiye da 350,000 suna da wannan ɓaraka, suka kuma aika gyara zuwa ga fiye da 61,000 daga cikinsu. Aiki ne mai yawa, amma bin gida-gida ne ana kashe gara alhali rumbun yana nan yadda ya ke.

Abin da ya warware maganar shi ne takardar shawara. Tun shekarar 2000 masu Python suna da tsarin da su ke kira PEP, inda mai son babban canji zai rubuta dalilinsa, da yadda canjin zai yi aiki, da waɗanda zai shafa, da sauran hanyoyin da aka duba aka ƙi. Tun bayan da Guido van Rossum, mutumin Holan da ya ƙirƙiro harshen, ya sauka daga shugabanci a 2018, majalisar mutum 5 ce ke da ikon karɓa ko ƙi. A 2023 Petr Viktorin ya gabatar da takarda mai lamba 706. Bai tsaya jayayya kan ko aibi ne ko ba aibi ba ne. Sai ya kawo matata iri uku: ɗaya ta bar komi ya wuce kamar da, don masu ƙunshin da suka amince da shi, ɗaya ta tsaka-tsaki, ta ukun kuwa ta hana kowane fayil fita daga jakar da aka nufa, ta kuma hana wasu nau'o'in fayil masu haɗari. Sa'an nan ya sa wa'adi. A fitowa ta 3.12, cikin Oktoba 2023, wanda bai zaɓi matata ba aikinsa zai tafi kamar da, sai dai na'ura ta faɗakar da shi cewa canji na tafe. A fitowa ta 3.14, cikin Oktoba 2025, matata mai tsanani ta zama ita ce ke aiki in ba a zaɓi wata ba. Shekara biyu ke nan aka ba jama'a su kintsa.

Masu kula da rumbun, waɗanda da yawansu aikin sa kai su ke yi, sukan nemi mai ƙara ya faɗi fitowar da ya ke aiki da ita, da irin na'urarsa, da abin da ya sa ran gani, da abin da ya gani, ya haɗa da ɗan gajeren misali da kowa zai gwada ya ga aibin da idonsa. Tun Afrilu 2022 a GitHub a ke shigar da ƙararrakin Python. In kuwa aibin na tsaro ne, ba a shelanta shi, akwai kwamiti na musamman da a ke sanar wa a asirce don a gyara kafin miyagu su ji.

Ita kanta sabuwar matatar ba ta tsira ba. Tun kafin wa'adin ya cika, a watan Yuni na 2025, aka bayyana wasu hanyoyi na zagaye ta ta hanyar fayilolin da ke nuni zuwa wasu fayiloli, ɗaya daga ciki mai lamba CVE-2025-4517. A wannan karon, cikin watan da aka bayyana aibin aka fitar da gyararsa ga dukan fitowar da a ke kula da su.